Harsashin da Ba Ya Tsayawa

Garikai Mudzingwa ya ɗauki harsashi guda daga kan tebur ba tare da an miƙa masa ba, ya danna farcen babban yatsansa a bakin dalmar. Farcen ya shiga, ya bar ɗan tsagi. Ya ɗaga harsashin sama yadda kowa zai gani.

"Da wannan za ku tunkari ɓauna? Abin da farcena ya kwarzane?"

"Mukoma, a gaisa tukuna mana," in ji Shingirai yana dariya. Haka yake kiransa tun yana yaron gidansa, wato yaya. "An tashi lafiya?"

"Lafiyar kenan. Tambayarka na yi."

Suna tsaye ne a filin gwajin bindiga da ke bayan sansanin farauta, bakin busasshen rafi, rana ba ta gama leƙowa ta kan duwatsun kwarin Zambezi ba. Baƙon da Shingirai zai kai farauta, wani likitan haƙori daga Sifaniya mai suna Eusebio, ya gama gwada bindigarsa, harbinsa duk ya shiga tsakiyar kwalin. Yana ta murmushi yana kallon bakin wannan yana kallon bakin wancan, bai san a kan harsashinsa ake yi ba.

Gardamar nan ta girmi Garikai da Shingirai duka. Harsashin manyan dabbobi iri biyu ne, kuma maharban kwarin ba sa wahalar da bakinsu da dogon suna: mai tauri da mai laushi. Mai laushi idan ya shiga nama sai bakinsa ya buɗe, ya yi faɗi, ya yi ɓarnarsa a ciki ya tsaya. Mai tauri kuwa babu ruwansa da buɗewa. Yadda ya fita daga bindiga haka zai ratsa fata da ƙashi, sau da yawa ma ya ɓulla ta ɗaya gefen ya kama gabansa. A kan giwa ba a musu, ƙoƙon kanta sai mai tauri. A kan ɓauna ne ake raba gari, abokai su yi wata ba sa shan shayi tare. Garikai dai bai taɓa ɗura mai laushi a bindigarsa ba, kuma a ganinsa duk wanda ya ɗura bai taɓa ganin ƙwayar idon ɓauna kusa ba.

"Wannan ba irin na zamaninku ba ne da ke tarwatsewa a kan ƙashi," in ji Shingirai. "Yana buɗewa, amma ba ya wargajewa."

"A waya ka gani?"

"A cikin ɓauna na gani, da hannuna na ciro. Kuma yau garke za mu shiga, Mukoma. In na ba Baturen nan mai tauri ya harbi bijimi, ya ratsa shi ya samu mace a baya, wa zai yi wa hukuma bayani? Ni ko kai?"

"Wanda ya iya harbi yana duba abin da ke bayan dabbarsa kafin ya taɓa kunamar bindiga. Ban koya maka ba?"

"Ka koya mini. Shi ne ba ka koya wa ba."

Direba da masu fiɗa suka kwashe da dariya. Garikai ya ajiye harsashin ya sha mur. Shingirain nan shi ya koya masa riƙon bindiga, ya yi shekaru yana wanke masa mota yana ɗaukar masa ruwa. Yanzu ya samu lasisinsa, ya yi tumbi kaɗan, kowace damina sai ya hau jirgi zuwa taron maharba a ƙasashen waje ya dawo da baƙi da sababbin maganganu.

Shingirai ya matso ya rage murya. "Akwai wata alfarma da nake nema. Mai bin sawuna ya tafi makoki jiya, an yi masa rasuwa. Baƙonka kuma sai jibi. Ka ara mini Munsaka na yau kawai."

Garikai ya waiga. Munsaka na tsugune gindin wani itacen mopane yana ɗaure igiyar takalminsa. Mutumin Tonga ne daga wajen Binga, siriri, furfura ta cinye masa gemu. Shekara ashirin da ɗoriya yana tafiya a gaban bindigar Garikai, babu komai a hannunsa sai sandunan nan uku da ake ɗora bindiga a kai idan za a yi harbi. Mai bin sawu ba ya riƙe makami. Shi ne a gaba, kansa a sunkuye yana karanta ƙasa, ransa kuma yana hannun wanda ke bayansa. Shi ya sa a sana'ar nan, wanda gwanin mai bin sawu ya yarda ya shiga gabansa ya samu shaidar da ta fi lasisi. Garikai ya sauya kamfani, ya sauya mota, har mata ya rabu da ita, amma Munsaka bai taɓa shiga gaban wani ba. In ana lissafa manyan maharban kwarin, sai a ce "Garikai mai Munsaka", kuma wannan sunan ya fi masa duk wani yabo.

Kwanan nan ne abin ya fara tsaya masa a rai. Ya sha ganin tsohon a rumfar yaran Shingirai yana cin tuwonsu na sadza da su, yana leƙa wayar Shingirai ana nuna masa hotunan farauta, yana dariya har da dukan cinya. Shi kuwa Garikai rabon da ya ji wannan dariyar ya manta.

"Ka tambaye shi mana," ya ce da ƙarfi yadda tsohon zai ji. "Sai dai gwiwarsa tana damunsa kwanan nan."

Ƙofa ce ya buɗe masa, faɗa-faɗa. Abin da ya rage kawai Munsaka ya dafa gwiwa ya yamutsa fuska, magana ta mutu.

Munsaka ya miƙe ya karkaɗe wandonsa. "Gwiwa ta yi sauƙi, Mhofu," ya ce, da sunan zuriyar Garikai da yake girmama shi da shi. "Zaman sansani ma shi ke ƙara mata ciwo."

Sai a lokacin Garikai ya lura sandunan tsohon suna jingine a bayan motar Shingirai. Tun kafin a zo neman izininsa an riga an ɗora su.

"To, Allah ya ba da sa'a," ya ce, ya juya ya nufi sansani. Ya ji tashin motar a bayansa, bai waiwaya ba.

Hantsi ya same shi a rumfar cin abinci ya wargaza bindigarsa yana gogewa, bindigar da jiya ya goge. Mai Rumbi, wadda ke kula da girki da ɗakunan baƙi, ta ajiye masa shayi ta tsaya tana kallonsa, hannu a ƙugu.

"Za ka kankare mata fenti, Baba Tsitsi," ta ce, da sunan 'yarsa take kiransa.

"Ba ki da aiki a kicin?"

"Ina da shi. Kallon ka ya fi daɗi. Tun da motar nan ta fita kake kumbura, ko biredin da na yi bai kai ka tashi ba."

"A kan me zan kumbura? Ni na ba shi aro."

"Ka ba shi da baki. Ka ga fuskarka kuwa? Wallahi ranar da uwar Tsitsi ta kwashe kayanta ba ka yi wannan fuskar ba."

Ya yi tsaki. "Yaron nan zai shigar da shi garke da harsashin da bai fi sabulu ƙwari ba. Abin da ke damuna kenan."

"Oho. Ashe harsashi ne." Ta ɗauki farantinta. "Ni da na ɗauka tsoro kake kada tsohon ya ɗanɗana wata motar ya ji kujerarta ta fi laushi."

Ta tafi ta bar shi da maganar, kuma maganar ta zauna daram. Kishi ne, ya sani, kishi tsagwaronsa, irin wanda namiji mai shekara hamsin da wani abu ba zai iya faɗa wa kowa ba. Ya riƙa hango su: Munsaka a gaba yana nuna sawu da ɗan tsinke, Shingirai a baya yana gyaɗa kai. Baturen zai harbi bijiminsa, bijimin ya faɗi nan take, a ciro harsashin ya buɗe kamar laimar kwaɗi, a miƙa wa Munsaka ya jujjuya shi a tafinsa ya ce, "Kai, abin nan yana aiki." Da ya kai nan sai ya ji shayin ya yi masa ɗaci. Ya kama kansa yana fatan kada su samu komai, su dawo da ƙura da cizon ƙudan tsando.

Rana ta take tsaka rediyon oba-oba ta yi ƙara a kan tebur. Muryar Shingirai ce, babu dariya a cikinta.

"Mukoma, kana jina? Mun ji wa bijimi rauni. Ya bar garke ya shige sarƙaƙiyar da ke ƙasan Tafkin Carki. Ina buƙatar bindiga ta biyu."

A kwarin nan idan aka ce an ji wa ɓauna rauni, duk maharbin da ke kusa yana ajiye abin da yake yi, ko da ba ya ga maciji da wanda ya kira. Garikai ya haɗa bindigarsa cikin ƙiftawar ido, ya ɗura mata masu tauri har ta cika. Yana tuƙi yana ƙoƙarin ɗaure fuska, amma bakinsa ya ƙi. Rabonsa da jin daɗi irin wannan an daɗe.

Ya same su a inuwar wata ƙatuwar kuka. Eusebio na zaune a ƙasa ya dafe kai da hannu biyu, fuskarsa ta yi ja. Jami'in gandun dajin da doka ta ce ya raka kowace farauta yana tsaye gefe da tsohuwar bindigarsa. Munsaka ya kai Garikai inda jinin ya fara, ya tsinko ganye ya miƙa masa. Jinin ya yi duhu, ga ɗanyar ciyawa a cikinsa. Garikai ya shinshina.

"Tumbi," ya ce. "Sabulunku ya shiga tumbi, ya tarar da ciyawa, ya shimfiɗa tabarma ya kwanta."

"Bijimin ne ya juya daidai lokacin da ya danna," in ji Shingirai. "Harbin ya yi baya da yawa. Ko me aka ɗura..."

"Da mai tauri ne da ya ratsa ciyawar ya kai huhu, da yanzu fiɗa kuke yi."

"Ko kuma ya fita ya samu macen da ke bayansa, da yanzu biyu muke bi."

"Kai dai ka ce ka yi kuskure, ba za a yanka ka ba." Ya juya ga tsohon. "Ko ba haka ba, Munsaka? Kai da ka ga aikin mai tauri tun wannan yana makaranta."

Munsaka ya tofar da tsinken da ke bakinsa. "Ni dai na san bijimi yana ciki, kuma rana tana tafiya."

Amsar ba ta yi wa Garikai daɗi ba, amma ya haɗiye. Aka bar Baturen a mota tare da direba. Munsaka ya rungumi sandunansa a kafaɗa ya hau kan sawu, Garikai kuma, ba tare da tunani ba, ya taka ya tsaya a bayansa inda ƙafarsa ta saba.

Shingirai ya yi gyaran murya. "Mukoma, ka yi haƙuri. Ɓaunata ce."

Gaskiya ya faɗa. Wanda baƙonsa ya yi raunin shi ke bin bayan mai sawu, shi ke da harbin ƙarshe. Wanda ya zo taimako gefe yake riƙewa. Garikai da kansa ya koya masa wannan. Duk da haka ya tsaya yana kallon ƙeyar Munsaka, yana jiran ya ce wani abu, ko da cewa ya fi sabawa da numfashin Mhofu a bayansa.

Munsaka ya waigo. "Haka al'adar take, Mhofu. Ka riƙe mana dama, ta bakin kwazazzabon can. In ka riga mu gani, ka san abin yi."

Ya san abin yi. Tun farkon haɗuwarsu suke da shi: duk lokacin da Garikai ya riga shi hango dabba, zai yi ɗan fito siriri kamar na tsuntsu, Munsaka kuma duk inda yake zai zube ƙasa ya lafe, sannan bindiga ta yi magana. Amma ba wannan ne ya tsaya wa Garikai a wuya ba. "Mana" ɗin nan ce. Ka riƙe mana. Rabin yini kacal, har sun zama "mu", shi kuma ya zama mai riƙon gefe.

Suka shiga. Sarƙaƙiyar kwarin nan a ƙarshen rani toka-toka take, rassa sun harɗe, ganye ya bushe yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, mutum ba ya ganin abin da ya wuce tsawon mota biyu. Garikai ya bi bakin kwazazzabon yana taku ɗai-ɗai, gumi na shiga masa ido. Ba ya ganin su, amma yana jin su a hagunsa: takun Shingirai mai nauyi, na jami'in a can baya, da ɗan ƙwas-ƙwas ɗin sandunan Munsaka idan suka gogi reshe. Sau ɗaya ya jiyo raɗa, sannan wata 'yar gajeriyar dariya ta hanci. A cikin sarƙaƙiya, a bayan ɓauna mai rauni, har suna da abin dariya. Ya cije leɓe ya ci gaba.

Ɓauna mai rauni tana da hali guda da kowa ya sani. Takan yi gaba, sannan ta kewayo ta tsaya a gefen sawunta tana jiran mai binta ya zo wucewa. Abin da bijimin nan ya yi kenan, sai dai bai san da mutum a damansa ba.

Kunne Garikai ya fara gani, ya motsa sau ɗaya ya kori ƙuda. Sannan baƙin da ya ɗauka inuwa ce ya zama kafaɗa, ya zama ƙaho. Bijimin na tsaye ya ba shi gefe sosai, kansa a ɗage, hankalinsa duk yana hagu inda masu bin sawu ke tahowa. Garikai ya tsaya cak, bindiga ta hau kafaɗarsa da kanta. Kafaɗar bijimin ta cika masa ido, harbin da ko makaho ba zai kuskure ba.

Ya tattara leɓɓansa zai yi fito.

Idan ya yi, Munsaka zai zube. Shingirai zai duba inda ya kamata, ya ga bijimin, ya harba, don nasa ne. Kusa suke, ba zai kuskure ba, kuma a wannan tazarar ko sabulun nasa zai iya. Tsohon zai tashi daga ƙasa a gaban ƙafafun Shingirai yana karkaɗe ƙura, su tafa, a yi shekaru ana ba da labarin ranar da Shingirai ya tsayar da bijimi a kan Munsaka. Shi kuma a labarin zai zama wanda ya yi fito.

Ƙwas-ƙwas ɗin sandunan ya zo daga wani wuri a bayan bijimin. Ya ji shi sarai. Bijimin ya sauke kai kaɗan, tsokar wuyansa ta motsa. Garikai ya saki leɓɓansa, ya danna kunama.

Ƙarar ta cika kwazazzabon. Bijimin ya durƙusa a kan gwiwoyinsa kamar an sare masa ƙafafu, ya kife, ya yi dogon nishin nan da ɓauna ke yi idan rai zai fita. Garikai ya sake ɗana bindiga ya ƙara masa ɗaya a ƙashin baya. Tsuntsaye suka watse, sannan wurin ya yi tsit.

Shingirai ne ya fara ɓullowa ta cikin rassa, idanunsa a waje. Ya dubi bijimin, ya dubi inda suke tafe, ya ga tazarar, ya dafe ƙirji.

"Mukoma! Wallahi ban gan shi ba. Da mun ƙara taku kaɗan da ya kwashe mu." Ya kama hannun Garikai da hannu biyu. "Ka cece mu."

Jami'in ya iso yana haki yana ta jinjina. Garikai ya zagaya gawar a hankali, ya sa yatsa a ramin da ke kafaɗar dama, ya tsallaka ya nuna wanda ke ta hagu.

"Zo ka gani, ɗan zamani. Nan ya shiga, nan ya fita. Kafaɗa biyu, duka ya karya. Kira mini sabulunka ya yi wannan."

"Yau kam ba ni da baki," in ji Shingirai.

"Ina Munsaka? Ya zo ya gani."

Munsaka bai zo ba. Suka same shi zaune a ƙasa, 'yan taku kaɗan bayan gawar, ƙafafunsa a miƙe. Sandunan na kan cinyarsa. Harsashin da ya ratsa bijimin ya gutsure biyu daga cikinsu daidai inda suke jingina da kafaɗarsa, guntayen na reto a jikin robar da ta ɗaure su. Sartse ya cika masa kunci da gefen wuya, jini na gangarowa cikin furfurar gemunsa.

Garikai ya matso da sauri. Ya durƙusa zai taɓa shi, tsohon ya ɗan kauda kai.

"Ba komai. Itace ne kawai."

"Babu lokaci ne, Sekuru," in ji Shingirai da sauri, yana kiran tsohon kaka. "Bijimin zai taso. Ni ma da haka zan yi."

"Haka ne, babu lokaci," in ji jami'in. "Ni shaida ne."

Munsaka ya dafa ƙasa. Ya miƙe, ya tattara guntayen sandunansa, ya tafi kiran mota.

Da la'asar sansani ya cika da hayaniya. An rataye bijimin a rumfar fiɗa, Eusebio ya warware har yana ɗaukar hoto da kowa, labarin harbin kuma ya riga ya fara ƙiba a bakin direba. Garikai ya zame ya zagaya bayan ɗakunan ma'aikata. Munsaka na zaune kan bokitin da aka kife, Mai Rumbi na cire masa sartse da allura. Da ta ga Garikai ba ta yi tsokana ba. Ta goge allurar a zaninta ta ba su wuri.

Ya tsuguna a gabansa. "Yaya fuskar?"

"Da sauƙi."

"Gobe sai mu saro wasu sandunan. Na ga masu kyau a bakin rafi."

Munsaka ya shafa kuncinsa ya dubi yatsunsa. "Na ji lokacin da ka tsaya, Mhofu."

"Me?"

"Takunka. Ina jin sa tun da muka shiga, sai ya ɗauke. Na ce a raina, ya gani. Har na fara lanƙwasa gwiwa ina jiran fito." Ya sauke hannunsa. "Na jira."

"Zai taso ne. Ka ji abin da suka ce."

"Su ba su san takunka ba."

Garikai ya kauda kai. Daga rumfar fiɗa aka fashe da dariya, wani yana kwaikwayon faɗuwar bijimin.

"Ban ce ka so ka same ni ba," in ji Munsaka. "Ka dai san ina wajen. Kuma ka fi kowa sanin abin da ka ɗura."

Babu faɗa a muryarsa, da ma a ce akwai. Ya sunkuya ya jawo wata tsohuwar jaka daga bayan bokitin, sai a lokacin Garikai ya ga a cike take, bargon tsohon a naɗe a samanta.

"Motar kaya za ta fita da safe. Zan bi ta."

"Baƙona jibi zai zo."

"Akwai masu ido a yaran nan. Ka zaɓi ɗaya."

Garikai ya dubi jakar. Ya san akwai maganar da ta kamata ya faɗa, gajeriya ce ma, yana jin ta a kan harshensa. Amma wata ce ta tsallake ta ta fito.

"Shingirai ne ya yi maka magana? Wajensa za ka koma?"

Munsaka ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, irin duban da yake yi wa sawun da ya kasa gane na mene ne.

"Gida zan je. Ina da 'yan awaki, ga jikoki. Na gama shiga gaban bindiga." Ya ja zif ɗin jakar. "In taka ta yi mini haka, ta wa kuma zan ba baya?"

Garikai na tsugune yana jiran baƙin ciki ya zo, don ya san yana hanya, kuma ya san in ya zo zai daɗe. Amma ba shi ya fara isowa ba. Abin da ya fara sauka a ƙirjinsa sanyi ne, mai daɗi, wanda ya kwance masa ƙullin da ya wuni da shi tun safe: Shingirai ba zai same shi ba. Ya ji daɗin sosai, kuma ya ji ƙyamar kansa a kan daɗin, amma ƙyamar ba ta rage shi ba ko kaɗan.

Ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Bari in gaya wa direba," ya ce, "ya ajiye maka kujerar gaba."